Zaren Wuyan Sirinji

Talata, 14 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Shugaban Sashe ya ce kowa ya rubuta abin da ya gani, ban da abin da yake zato. Ga abin da na miƙa masa ɗazu, na kwafe shi a nan kalma da kalma:

"Ranar Litinin, shida ga wata, ƙarfe bakwai da minti goma na safe, na biyo ta gaban ɗakin gwaji na biyu zan wuce ofishina. Ƙofar a buɗe take kamar faɗin tafin hannu. Na ga ma'aikacin ɗakin, wanda kowa yake kira Kawu, tsaye gaban firiji, murfin a buɗe. Akwai ƙaramar kwalba a hannunsa na dama. Da ya ji takuna sai ya saka ta a aljihun rigarsa, ya rufe firijin, ya gaishe ni, na amsa. Ban ga abin da ke cikin kwalbar ba. Makullan ɗakin uku ne: nasa, nawa, da na ɗalibata. Kafin wannan safiya, rabona da shiga ɗakin tun ranar Alhamis, biyu ga wata."

Na karanta sau huɗu kafin in sa hannu. Babu inda na ce ya zuba wani abu a cikin wani abu.

Dalilin takardar shi ne: tun daga waccan Litinin duk gwajin da ɗalibata ta yi lalacewa yake. Jiya ta gano musababbin. Kwalbar ADP ɗinmu, guda ɗaya tilo da muke da ita, an gurɓata ta da sinadarin da muke kira mai huda. Shi kuwa ba ya tashi da ƙafarsa ya shiga kwalba. An dakatar da Kawu yau da rana. Kwamiti zai yanke hukunci ranar talatin ga wata. Idan suka ce da gangan ne, korarsa za a yi. Shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin nan, saura masa wata goma sha huɗu ya ajiye aiki da mutuncinsa.

Laraba, 15 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Kwamitin mutum uku ne: Shugaban Sashe, wata malama daga ofishin magatakarda, sai maƙwabcina na ofis, masanin tsirrai, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Mai Ganye. Ban san wanda ya zaɓe shi ba. Shekara biyu ke nan yana neman a ba shi rabin ɗakin gwaji na biyu don ya shanya ganyayensa.

Malamar ta ajiye biro ta ce, "Dakta, ni fa ban gane komai ba. Ka yi mini bayani kamar kana yi wa kakarka."

Na ce mata a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan jakunkuna, sunansu mitokondiriya. Su ne suke ƙona abin da muka ci da iskar da muka shaƙa. Ba ƙonawar banza suke yi ba. Ƙarfin da ya fito, da shi suke tura wasu ƙananan ƙwayoyi zuwa bayan wani bango na ciki, su taru a can kamar ruwa a bayan madatsa. Ƙofar dawowa ɗaya ce, a bakinta kuma akwai ɗan inji mai juyawa. Suna kwararowa suna juya shi, shi kuma yana mayar da ADP ya zama ATP. Da ATP tsoka take motsi, da shi ƙwaƙwalwa take aiki.

Mu kuma mukan ciro su daga hantar ɓera, mu ajiye a ƙanƙara, mu zuba a ɗan kofin na'urar da ke auna iskar da suke sha, alƙalamin na'urar yana jan layi a kan takarda. Da mun ɗiga ADP sai layin ya gangara da sauri, an ba su aiki ke nan. Da ADP ya ƙare sai layin ya kwanta, sun huta. Mai huda kuwa bangon yake hudawa. Ruwan ya tsiyaye ba tare da ya bi ta kan injin ba, su yi ta shan iska babu hutawa, ba abin da ke fitowa sai zafi. Tun shida ga wata layin bai sake kwanciya ba.

Ta ce, "Au, kamar maigidana ranar da ya ce zai gyara famfo. Haki da gumi, ruwa na nan yana zuba."

Shugaban Sashe ya yi dariya har da buga tebur. Mai Ganye bai yi ba. Ni yake kallo. Ya ce, "Dakta, ka ce rabonka da ɗakin tun Alhamis?" Na ce haka na rubuta. Ya rubuta wani abu gajere, ya rufe da hannu.

Juma'a, 17 ga wata, ƙarfe 9:05 na safe

An canza kwaɗon ɗakin. Ba a ba ni sabon makulli ba sai da na tambaya.

Juma'a, ƙarfe 3:00 na yamma

Masinja ya gaishe ni sau biyu yau. Bai saba ba.

Litinin, 20 ga wata, ƙarfe 11:40 na safe

Ɗalibata ta zo ofis, ta ƙi zama. Matar aure ce mai 'ya'ya biyu, shekararta ta huɗu ke nan a kan wannan digiri, ban taɓa ganin ta makara ba. Hannunta yana da kyau a aiki. Tun watan jiya ma mitokondiriyar da take cirowa ta fi wadda nake cirowa lafiya: idan ta ɗiga ADP, shan iskarsu yakan ninka sau bakwai, ni kuwa a iya aikina ban taɓa wuce biyar ba. Na lura da wannan tun lokacin. Ban ce mata komai ba.

Ta ce, "Malam, ni ban ce a kori Kawu ba. Na dai faɗi abin da na gani a kwalba."

Na ce babu wanda ya ce ta ce.

"Amma kowa ya san mun yi sa-in-sa a kan ƙanƙara. Ya ce mini Likitar Ɓera, ke kaɗai ce mai aiki a duniya? Na kai ƙararsa. Yanzu duk wanda na haɗu da shi a baranda sai ya sunkuyar da kai."

Na tambaye ta yadda take ganin abin ya faru. Ta ce hanya ɗaya ce: wani ya ɗauki sirinjin mai huda, da saura a ciki, ya tsoma a kwalbar ADP. Na ce kuskure yana yiwuwa. Ta girgiza kai.

"Da dai a da ne, Malam. Ranar Laraba, ɗaya ga wata, da kaina na gyara farantin da muke ajiye sirinji. Tsohon zaren nan mai dauɗa da ke ɗaure a wuyan na ADP na yanke shi na zubar, na liƙa tef mai launi. Kore na ADP, ja na mai huda. Ja wur, kore shar. Wa zai haɗa su in ba da niyya ba?"

Na ce ta kyauta da ta gyara.

Talata, 21 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Na shiga ɗakin kafin kowa ya zo. Na ɗauki sirinjin biyu na kai su bakin taga, inda haske ya fi. Na daɗe a wurin. Na mayar da su yadda na same su.

Alhamis, 23 ga wata, ƙarfe 2:10 na rana

An kira Kawu gaban kwamiti, aka ce in zauna tunda ni ne shaida. Ya zo da farar rigar aikinsa a goge, ko da yake an hana shi aikin. Shugaban Sashe ya karanta masa takardata daga farko har ƙarshe. Kawu ya saurara, kansa a ƙasa. A jimlar ƙarshe kaɗai ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da idonsa kan takalminsa. Mai yiwuwa wuyansa ne ya gaji.

"Kawu, abin da Dakta ya rubuta gaskiya ne?"

"Ranka ya daɗe, abin da ya ce ya gani, ya gani."

"Mece ce a kwalbar?"

"Tawa ce."

"Mun ji taka ce. Mece ce a ciki?"

"Ba ta shafi ɓera ba, ranka ya daɗe."

Malamar ofishin magatakarda ta ce, "Baba, ka taimaki kanka mana. Mu nan ba maƙiyanka ba ne." Ya ce ya gode, Allah ya raya mata zuri'a.

Abin da ya ce ya gani, ya gani. Na juya wannan magana tun daga ɗakin taro har ofis. Mutumin da bai yi karatu mai zurfi ba yana iya faɗinta haka kawai. Amma Kawu ba ya magana haka kawai.

Mai Ganye ya tsaya a ƙofata da kofin shayinsa ya ce, "Tsoho ya ƙi magana, ka ga ya gama da kansa. Sai dai ni abin da ban gane ba, mai son ɓarna me zai sa ya tsaya wahalar sirinji? Ya zare wayar firiji mana ya tafi gida." Na ce ba ni cikin kwamiti. Ya ce, "Haka ne. Kai shaida ne."

Juma'a, 24 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

Ban yi komai ba yau. Na gaji kamar na yi dako.

Asabar, 25 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Maman yara tana haɗa mini safa bibbiyu a kan gado, kamar yadda take yi duk Asabar, tana naɗe kowane biyu wuri ɗaya don kada in fita da ƙafa ɗaya daban. Na ba ta labarin kwamiti a taƙaice. Da na zo kan tef ɗin sai hannunta ya tsaya.

"Ja da kore?"

Na ce haka ɗalibar ta ce.

"To kai yaya kake yi da su?"

Na ce ba ni nake gwajin ba, ɗalibar ce.

"Baban yara, ranar Juma'ar nan ta farkon wata da na kira ka a kan makullin mota, ce mini ka yi kana ɗakin gwaji, hannunka ba sarari, in yi sauri."

Na ce mai yiwuwa ta haɗa ranakun.

"Ni na haɗa? Ranar da aka sallami Inna daga asibiti? Ina tsaye a bakin titi da ita da jakunkuna?" Ta jefa safar cikin aljihun kabad ta tura da gwiwa. "Shekara ashirin da biyu ina zaɓa maka tumatir a kasuwa don kada ka kwaso mini ɗanye. Ban taɓa faɗa wa ko 'yar'uwata ba. Amma ban san har da tsofaffi za a ɓoye abin nan ba."

Na ce ta rage murya, yara suna falo.

Mutum biyu ne a duniya suka san ba na bambance ja da kore: ita, da likitan da ya gwada ni ina shekara goma sha tara, shi kuwa ya rasu. A wurina launi ɗaya ne, kamar ƙasa-ƙasa. Na yi digiri uku a haka, ina karanta lakabi, ina haddace wurin da kowace kwalba take zama. Ban taɓa rubuta wannan a ko'ina ba sai yau.

Litinin, 27 ga wata, ƙarfe 12:25 na rana

Kawu ya ƙwanƙwasa ofishina. Tun ranar da na fara aiki a sashen nan Ƙaramin Dakta yake kirana, don a lokacin akwai babba. Babban ya daɗe da barin aiki, gashina ya yi fari, sunan bai canza ba.

"Ƙaramin Dakta, alfarma na zo nema. An hana ni shiga. A firiji, can ƙasa, bayan kwalin takardar tace, akwai 'yar kwalba a cikin safar hannu. Ɗauko mini."

Na je na ɗauko. Maganin ciwon sukari ne, na allura. Na tsaya da shi a hannu a baranda na ɗan lokaci kafin in koma.

Ya ce wutar unguwarsu ba ta kwana biyu a jere, maganin kuwa ba ya son zafi. Shekara shida yana ajiye shi a nan. Ranar Litinin ɗin ɗaya ya ɗauka, wannan ce ta rage.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa musu?"

"Dokar da ke liƙe a murfin firijin wa ya rubuta ta? Ba abinci, ba magani, duk wanda aka kama ya bar ɗakin. Da hannunka ka rubuta, har da jan layi a ƙasa. In na faɗa, laifi ɗaya ya tabbata. Sai su ce mai ɓoye wannan shekara shida, me ba zai ɓoye ba?"

Ya naɗe kwalbar a hankici. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya zauna a kujerar ɗalibai, abin da bai taɓa yi ba.

"Likitar Ɓera yarinyar kirki ce, sai dai gaggawa. Da ta tambaye ni kafin ta yanke zaren nan, da na ce ta bar shi."

Na ce zare ne kawai.

"Ni na ɗaura shi, shekara goma sha tara da suka wuce. A makonka na biyu a ɗakin. Na ce ka miƙo mini kwalba mai jan murfi, ka tsaya kana karanta takardun jikinsu ɗaya bayan ɗaya." Ya gyara hularsa. "Ni idona ƙalau. Ba don kaina na ɗaura ba."

Ya ci gaba.

"Sannan takardar na'ura. Likitar Ɓera yagewa take da hannu, ni da almakashi nake yanka. Waccan Litinin na tarar da bakin takardar an ɗora rula an yanke, tsaf kamar na ɗinki. Mutum ɗaya na sani mai yanka takarda da rula."

Na ce, "Me kake so, Kawu?"

Ya dube ni kamar na yi masa magana da wani yare. Ya ce, "Maganina. Ga shi kuma na samu." Ya tashi, ya ce in gaida maman yara, ya ja mini ƙofa a hankali.

Litinin, ƙarfe 4:45 na yamma

Me yake so? Ba a riƙe magana irin wannan mako uku a banza. Ko dai yana jira ranar Alhamis ya faɗa a gaban kowa, ko ya riga ya faɗa wa Mai Ganye, su biyu suna kallo su ga iya inda zan kai. Na tuna yadda Mai Ganye ya rufe takardarsa da hannu. Na tuna gaisuwar masinja.

Akwai kuma yiwuwar ba ya son komai. Wannan ce ta fi hana ni sukuni.

Talata, 28 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

Zan rubuta ranar Juma'a, uku ga wata, kamar yadda na rubuta Litinin.

Ɗalibata ta ciro mitokondiriya da safe, ta yi gwajinta, ta tafi ɗauko yara ƙarfe ɗaya. Kawu ya tafi sito karɓo kaya. Ragowar tana cikin ƙanƙara. Ƙarfe biyu saura kwata na shiga da makullina na rufe ƙofa. Ban yarda da ninki bakwai ɗinta ba. Na ɗauka tana gyara lambobi, na kuma so in kama ta ba tare da na tambaye ta ba.

Na tarar babu zare. Na karanta ɗan rubutun da ke jikin akwatunan sirinjin, na ajiye na ADP a dama, na mai huda a hagu. Gwajin farko ya ba ni shida da rabi, a samfurin da ya yi awa biyar a ƙanƙara. Wato gaskiyarta ce. A ƙarshen gwajin na ɗiga mai huda kamar yadda aka saba. Waya ta yi ƙara. Na amsa, sirinji a hannuna, na juya wajen taga, na ajiye shi, ban san ko a wane gefe ba. Da na dawo gwaji na biyu na ɗauki na dama, na tsoma a kwalbar ADP, na zuƙa na tura sau uku don fitar da kumfa, yadda nake koya wa ɗalibai. Layin ya gangara, bai kwanta ba. Na ce samfurin ne ya tsufa. Na yanke takardar na saka a jaka, na mayar da kwalbar cikin firiji, ban rubuta komai a littafin ɗaki ba.

Ranar da na sa hannu a takardar kwamiti ban san ni ne ba. Wannan gaskiya ne. Amma na san na shiga.

Idan na faɗa, ɗalibata za ta san malaminta ya bi ta baya kamar mai gadin kanti. Sashe zai san shekara goma sha tara ina ba ɗalibai maki a gwajin sauyin launi, ina tsayawa kusa da Kawu ina jira ya ce "ya juya" kafin in gyaɗa kai. Ashe shi ma ya san abin da nake jira. Mai Ganye zai samu ɗakinsa, ba ma rabi ba.

Idan ban faɗa ba, babu mai iya tabbatarwa. Bakin takarda ba hujja ba ne.

Talata, ƙarfe 2:00 na rana

Babu mai iya tabbatarwa. Na sake dubawa ta kowane gefe. Babu.

Laraba, 29 ga wata, ƙarfe 10:50 na safe

Na haɗu da malamar ofishin magatakarda a matakala, da fayil a hammata. Ta ce, "Dakta, gobe dai mu rabu da maganar nan. Na ma buga takardar korar, sa hannu ya rage. Tsohon nan ya ba ni tausayi wallahi, amma ya ƙi buɗe baki, yaya za mu yi?" Na tambaye ta ko Kawu ya kawo wata magana a rubuce, ko ya nemi ganin wani a cikinsu. Ta ce ko ɗaya. Ya dai aiko da makullin kabad ɗinsa, da 'yar takarda mai bayanin yadda ake lallaɓa injin ƙanƙara idan ya ƙi tashi, don wanda zai gaje shi.

Na ce ta dakata da fayil ɗin zuwa ƙarfe goma sha biyu. Ta ce lafiya? Na ce akwai gyara a takardata, layi ɗaya ne.

Zan fara biyawa ta wurin ɗalibata, don kada ta ji a bakin wani. Sannan in hau sama wurin kwamiti. Takardar da zan ba su na sa mata cikakken sunana da lambar aikina, na haɗa da takardar na'urar da ke jakata tun ranar. Ga kwafin:

"A bayanina na ranar goma sha huɗu ga wata na rubuta cewa rabona da shiga ɗakin gwaji na biyu tun ranar Alhamis, biyu ga wata. A gyara. Na shiga ranar Juma'a, uku ga wata, ƙarfe biyu saura kwata, ni kaɗai, na yi aiki da sirinjin biyu da kwalbar ADP, kuma idona ba ya bambance ja da kore. Sauran bayanin yana nan yadda yake."

Ƙaramin Dakta